Bayanin kalmar sallama, da hukuncin wanda yaf faɗe ta bisa tilas

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah shi datar da mu da kai, sababin wagga takarda tambaya ce wadda tat taho mini daga wani almajirina da ke zaune ga ƙasar Bukkuyum. Ya rubuto yac ce, wani mutum na ƙauyensu ɓarayin daji sun ɗauke ɗansa, sunka aza mishi kurɗin fansa. Yas sayar da awakinsa da dawar da ke cikin rumbu, ba su kai ba. Sai yat tafi ga maƙwabcinsa yat tallata mishi fadamar da yag gada ga ubansa. Maƙwabci yat taya naira 700,000, alhali kowa ga garin ya san fadamar ta fi ninkin haka. Mai fadama yay yi shiru, sa'an nan yac ce gaban shaidu ukku, na sallama. Anka biya fansa, yaro yad dawo. Damana biyu sunka wuce. Yanzu mutumin ya samu abin hannu, shina son shi mayar da kurɗi shi amshi gonarsa, maƙwabci kuwa ya ce mishi, ai ka sallama, kuma da bakinka. Almajirin yac ce, malam, wagga kalma ta ɗaure shi ko ba ta ɗaure shi ba? Sa'an nan yaƙ ƙara tambaya ta biyu, yac ce mutanen birni suna ce ma ƙauyukan da ke biyan ɓarayi kurɗin noma, waɗanga sun sallama, suna faɗin haka da reni, har wasu na ƙin bin limamansu salla in sun shigo gari. Shin sunan ya dace da su?

Ni ba alƙali ba ne, ban riƙa alƙalanci ba ko da yini guda. Amma na ga tambayoyin nan biyu sun rataya ga kalma guda, kuma wanda bai san kalma ba ba shi sanin hukuncin da anka gina bisanta. Don haka za ni fara da ita kanta, daga baya mu komo ga fadama.

Fasali cikin asalinta

Sallama ba Hausa ba ce ga asali, Larabci ce. Tushenta haruffa ukku ne, sin da lam da mim, kuma ma'anar da ke tara su ita ce kuɓuta daga aibi da cuta. Larabawa suna cewa salima, wato ya kuɓuta lafiya lau. In sunka aza shadda ga lam sai su ce sallama, yusallimu, tasliman. Shi ne babin da masu sarfu ke kira taf'ili, wanda mafi yawan aikinsa ƙetarar da fi'ili ne zuwa ga wani. To sallama ke nan, ya sa abu ya kuɓuta, ko ya miƙa shi ga wani cikakke babu tauyewa. Ga tushen nan kuma aslama yaf fito, wanda masdarinsa ne sunan addininmu. Akwai kuma istaslama, ita ce Larabawa ke yawan faɗi ga mayaƙin da anka rutsa yaz zubar da makami. Ka riƙe wanga wuri da kyau. Hausa ta ɗauko sallama, ta baro istaslama can, sai mutane sunka aza ma kalma guda kayan kalma biyu. Nan ne mafarin rikicin da almajirina ke tambaya.

Hausa ta ɗauke ta yadda tat ishe ta, ga sigar fi'ili mali, kamar yadda taɗ ɗauki fassara da bayyana da jarraba da kammala da sarrafa da ƙaddara. Duk babi guda ne. Abin da ni ke gani shi ne ta zauren karatu sunka shigo, inda malami ke jan baƙi shina bi da Hausa kalma kalma, har kunnen almajiri shi saba, shi fita da kalmar zuwa gida da kasuwa. Da tas shigo sai Hausa tas sa mata tufanta. Muna cewa ya sallama kaya, ya sallami baƙo, ya sallame salla, an sallamo shi, kuma muna cewa ya yi sallama. Balarabe ba shi gane waɗanga duka. Ga rubutunmu na ajami ɗigon imala ne ke raba sallame da sallami, amma tsakanin sallamar ƙofar gida da sallamar kasuwa babu wasalin da ke rabawa, sai hawan murya da saukarta ga bakin mai faɗi. Boko ma bai raba su ba.

Fa'ida. Ƙawarta yarda, ita ma an ce daga Larabci ta ke, daga yarda wanda shi ke fi'ili mulari'i na raliya. Ka lura da abu guda. Harafin ladi in ya biyo ta bakin malamai lam shi ke komawa, shi ya sa mu ke cewa alƙali da alwala da lalura da farilla da lamiri. Amma ga yarda dal yak koma. Wanga ya sa ni ke rinjayar da cewa ta bakin fatake tab biyo, ba ta allo ba. Kuma kada ka haɗa ta da yar da, wato jefarwa, wannan Hausa ce tsantsa, dacewar lafazi ce kawai.

Fasali cikin wuraren da ta ke sauka

Mai zuwa gidan wani shina tsayawa ƙofar zaure shi yi sallama. Ya ba masu gida aminci daga kansa, kuma ya bar musu zaɓi, su ce shigo ko su yi shiru, in ya yi sau ukku ba a amsa ba shi koma. Mai salla shina sallamewa, da ita shi ke fita daga haramar da kabbara tas sa shi, ga mazhabarmu liman da mai salla shi kaɗai sallama guda ta ishe su. Sarki shina sallamar baƙo, ma'ana ya ba shi izinin tafiya da guzuri da ɗan rakiya. Malami shina sallamar almajirin da yas sauke. Asibiti suna sallamar majinyaci in ya samu sauƙi. Mai aiki shina sallamar leburori da marece, wato ya biya su haƙƙinsu su tafi. Yau kuwa sai ka ji an kori mutum daga aiki da bashin wata ukku bisa wuyan masu aikin, a ce an sallame shi. Wannan kora ce, an ara mata riga.

In ka duba waɗanga wurare duka za ka ga zare guda ya ratsa su. Abu ne da ke hannunka, kas sake shi da izininka, yat tafi lafiya, ba ka biyo shi da da'awa ba. Hausa tana da nata kalmomi ga abin da bai cika waɗanga ba. Wanda anka fi ƙarfinsa sai a ce ya ba da gari. Wanda wahala tag gajiyar har yab bar gardama sai a ce ya saduda. Wanda yad danne zuciya bisa abin da ba shi so sai a ce ya haƙura. Wanda yat tafi ga sarki don shi shiga ƙarƙashinsa sai a ce ya kai caffa, ko ya miƙa wuya. Wanda anka tsare da tambaya har yaf faɗi abin da yay yi sai a ce ya amsa laifi, alƙalai su ce ya yi iƙirari. Kakanninmu ba su rasa kalmomi ba, mu ne munka yi ragganci munka dunƙule su.

Amma inda kalmar taf fi nauyi shi ne kasuwa. Mai saye shina tayawa, mai kaya shi ce albarka, ma'ana bai yi ba. A ƙara, shi ce albarka. Har a kawo inda dillali za shi kama hannunsa shi ce, a sallama mishi. In yac ce na sallama, magana ta ƙare. Na ga wanga tun ina yaro ga kasuwar Gummi, dattijo shi sallama sa, kafin a ƙirga kurɗi wani shi zaka shi taya da abin da yaf fi, dattijon shi ce ai na riga na sallama, ko waiwayarsa ba shi yi. Al'adar nan ta dace da mazhabar Maliku, domin shi bai yi aiki da zaɓin majalisi ba, wanda Shafi'i ke ba masu ciniki matuƙar ba su rabu ba. Gare mu ciniki shina ƙulluwa da abin da ke nuna yarda, ko da ba a tashi daga inuwar da anka zauna ba. Saboda haka maƙwabcin nan da yac ce ai ka sallama, ba wasa shi ke yi ba, ya kama igiya mai ƙarfi. Da babu ita da babu wanda ke amincewa da cinikin wani.

Mas'ala ta fari

Sai dai igiyar nan ga yarda anka ɗaura ta. Lafazi alama ce ta abin da ke zuciya, in an san zuciya ba ta tare da shi, alamar ta faɗi. Wanga asali Maliku ya sha bulala dominsa. Zamanin halifa Mansur, bayan tawayen da anka yi Madina ga shekarar 145 ta Hijira, Maliku shina karantar da cewa sakin wanda anka tilasta ba shi aukuwa. Masu mulki sunka ji tsoron mutane su yi ƙiyasi su ce, ashe mubaya'ar da anka amsa gare mu da takobi ita ma ba ta ɗaure mu ba. Anka hana shi, yaƙ ƙi bari, gwamnan Madina yas sa anka buge shi har kafaɗarsa tag goce. To mazhabar da limaminta yab biya wanga farashi ba ta cewa duk wanda yaf furta na sallama ya sallama.

Malamanmu sun raba tilas ga ciniki gida biyu. Akwai wanda anka tilasta ma sayarwar kanta, azzalumi shi ce sai ka sayar mini da gonarka. Wannan babu saɓani ciniki bai lazimce shi ba. Akwai kuma wanda anka tilasta ma sababin sayarwa, azzalumi ya aza mishi kurɗi, shi kuwa yan nemi mai saye da kansa don shi biya. Wannan shi ne mai fadamarmu. In ka ce, ai ba shi anka kama ba, ɗansa ne, sai in ce Halilu cikin Muhtasar ya ƙidaya tsoron kashe ɗa cikin tilas ga babin saki, kuma duk wanda yah haihu ya san dalili.

Ga wanga gida na biyu akwai zance biyu. Mashhurin mazhaba, wanda Halilu yat tafi bisansa, shi ne ciniki bai lazimce shi ba, zaɓi na hannunsa, in ya so shi zartar in ya so shi amshi abinsa. Har masu sharhi sun ce a mayar mishi ba tare da ya biya ba, mai saye shi bi azzalumi da kurɗinsa, ko da shi ke akwai mai cewa shi mayar da abin da ya amsa. Zance na biyu na Ibnu Kinana ne, ɗaya daga almajiran Maliku na Madina. Shi ya ce ciniki ya lazimta, kuma mai saye shina da lada, domin ya ceci rai. Lahmi da wasu sun zaɓi wanga, kuma da shi aikin alƙalan Fas yag gudana daga baya. Dalilinsu a fili shi ke. In mutane sunka san duk gonar da sunka saya ga mai neman fansa za a amshe ta gobe, babu wanda ke saye, sai kamammu su mutu ga daji ana tsare musu gonaki.

Na daɗe ina juya zantukan nan biyu. Ga ƙasarmu yau, daga Anka zuwa Gummi, kusan babu kasuwar da ba ka ishe mai sayar da sa ko babur ko fili don fansa. In munka buɗe ƙofar warware duk waɗanga, mun kashe na cikin daji. Saboda haka wanda yas saya da kurɗin da abin ke yi, ko kusa da haka, ni ina tare da Ibnu Kinana gare shi, ciniki ya zauna, Allah shi saka mishi. Amma Ibnu Kinana mai ceto yaƙ ƙarfafa. Wanda yag ga maƙwabcinsa cikin rami yat taya rabin kurɗi, don ya san ba shi iya cewa albarka, ban ga yadda za shi fake ga zancen da anka gina bisa lada ba. Alamar sallama ta gaskiya ga kasuwa ita ce mai kaya shina da ikon cewa albarka. Mai fadamar nan ba shi da shi ranar nan, kuma maƙwabci ya sani, shaidun nan ukku ma sun sani. Shirun da yay yi kafin shi yi magana, shaidu su tuna da shi in an kira su. Hukunci dai na alƙali ne, shi ke jin ɓangare biyu, ni ɓangare guda nij ji, kuma ta takarda.

Mas'ala ta biyu

Amma masu ce ma ƙauyuka sun sallama, in tarihi sun karanta da sun rage murya. Wajen shekarar 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara. Sarakunan Zamfara sunka fita suna sauka gari bayan gari shekaru masu yawa, har sunka tabbata Anka bayan jihadi. Sun ba da gari, babu musu. Amma ba su sallama sarauta ba, shi ya sa har yau sunan Sarkin Zamfara ga Anka shi ke, kuma da anka yanki jiha ga 1996 sunan nan anka ba ta.

Wanda yaf fi kusa da mas'alarmu shi ne abin da yaf faru ga 1903. Nasara sunka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru yay yi hijira gabas da jama'a mai yawa, anka kashe shi Burmi ga watan Yuli na shekarar. Waziri Buhari kuwa yak komo birni da waɗanda sunka saura, yaz zauna da Nasara. Abin ya dame shi ƙwarai, har yar rubuta risala zuwa ga ma'abuta ilimi shina bayanin uzurinsa. Ya ambaci cewa ya shawarci malamai, sunka ga halaccin sassauta ma wanda yaf fi ƙarfi da harshe saboda tsoro, ban da zuciya, matuƙar ba a hana salla da sauran shika-shikai ba. Kuma alƙali Ahmadu ɗan Sa'adu ya kwantar mishi da hankali da cewa in kowa yat tashi, ƙasar ta koma hannun wasu ke nan. Malamai har yau suna saɓani bisa wa yaf fi dacewa tsakanin mai tafiya da mai zama, ni kuwa ban isa in raba su ba. Abin da ni ke nufi shi ne, Waziri da kansa ya raba abin da harshe yab bayar da abin da zuciya tar riƙe, kuma bai kira na farin yarda ba. Asalin wanga cikin Alƙur'ani shi ke, ga aya ta 106 ta suratun Nahli, wadda masu tafsiri sunka ce ta sauka bisa Ammaru ɗan Yasir lokacin da anka azabtar da shi Makka.

To dubi mai garin da ke bakin daji. Ga 2019 gwamnatin Zamfara da kanta ta zauna sulhu da 'yan bindiga. Ga 2021 anka bar wannan, anka rufe layukan waya da kasuwannin mako. Ga farkon Janairun 2022 anka afka ma ƙauyukan Anka da Bukkuyum, hukuma tac ce mutum 58 sunka mutu, mutanen wurin sunka ce sun kai wajen 200. Mai garin nan ya ga waɗanga duka da idonsa. An aiko mishi cewa ko a biya ko kada kowa shi taɓa gona. Bayansa mata ne da yara da tsofaffi, makaminsa hauya. In ya tara kurɗi ya kai, ka ce ya haƙura, ko ka ce an fi ƙarfinsa, kalmomin suna nan. Amma kada ka ce ya sallama, domin ka jingina mishi yardar da bai yi ba, kuma kai da ke faɗi kana kwana bayan shingen soja. Salla bayan limaminsu ingantacciya ce, babu shakka gare ni. Wanda sunan yad dace da shi wani ne daban, shi ne wanda ke nuna musu gidan mai shanu, shina kai musu mai da labari, shina amsar rabonsa. Wannan da zaɓinsa yam miƙa, kuma abin da yam miƙa ba nasa ba ne.

Fasali cikin sallamar da ke tsakanin masu ilimi

Akwai sallama guda wadda babu mai tilasta ka, ita ce kuwa taf fi wuya. Masu ilimin munazara sun aza ƙa'ida cewa in abokin jayayya ya kawo muƙaddima, kana da hanya biyu. Ko ka ce la nusallimu, ba mu sallama ba, kawo dalili. Ko ka ce sallamna, mun sallama, wuce gaba. Wani lokaci kana sallamawa don a rage hanya kawai, ka ce ko da mun sallama maka wannan, abin da ka ke nema bai fita daga gare shi ba. Amma in dalili ya tsaya, ba ka da abin tunkuɗe shi, sa'an nan kac ci gaba da ba mu sallama ba, sunan wannan gare su mukabara, kuma ba su ƙara zama da mai ita. Abul Hasan Ash'ari, wanda mu ke bi ga tauhidi, ya yi shekaru masu yawa cikin Mu'utazila, da gaskiya tab bayyana mishi sai yah hau mumbari Basra gaban jama'a yaf faɗi cewa ya komo.

Na karantar da wanga babi shekaru, sa'an nan anka jarrabe ni da shi nif faɗi. Ina rubuta shi nan don kada wani shi zaci daga nesa ni ke magana.

Ga shekarar 2010 ina zaune ga wani ƙauye na ƙasar Anka. Yara ƙanana sunka dinga amai da jijjiga suna mutuwa, gida bayan gida. Ana kawo mini su ina rubutu ina tofi. Likitocin ƙungiyar MSF da ma'aikatan lafiya sunka zaka, sunka ce gubar dalma ce, tana cikin duwatsun zinari da a ke kawowa gida ana daka ana niƙa cikin turame da injinan hatsi. Wani saurayi cikinsu, sa'an jikana, yaz zo zaurena yay yi sallama yad durƙusa, yac ce baba, mutane suna jin maganarka, ka ce musu su fitar da niƙan dutse daga gidaje. Nic ce mishi ban sallama ba. Nic ce maza ne ke fasa dutse da hannunsu, ga su nan da ƙafafunsu, ƙaƙa guba za ta tsallake mai niƙa ta kama mai rarrafe? Yac ce baba, yaro ga ƙasa shi ke wuni, hannunsa daga ƙasa sai baki, kuma cikinsa ya fi na babba tsotse dalma, ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta gama ƙwari ba. Yac ce an auna jinin yaran, wasu har na'urar ta kasa ƙidaya abin da ke ciki don yawa.

Ya kai ɗan'uwa, dalili ya tsaya nan take, na sani ya tsaya. Ba ni da amsa. Amma nic ce mishi ajali ne, mu Musulmi ne, mun sallama ma ƙaddara. Ka ga yadda niɗ ɗauki kalmar nan nit toshe bakin gaskiya da ita. Na san sarai Umaru ɗan Haɗɗabi ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da yaj ji annoba ta sauka can, kuma bai ga wannan ya saɓa ma ƙaddara ba. Sallama ma ƙaddara bayan riƙon sababi ta ke. Abin da yah hana ni biyu ne. Na fari, girman kai, tsoho mai farin gemu shi ce ma yaro ka yi gaskiya. Na biyu, wanda yaf fi muni, zinarin nan ne ke ciyar da garin, kuma sadakar da ke shigowa zaurena daga gare shi ta ke.

Kwana ashirin da wani abu niy yi ina shiru. Cikin kwanakin nan na sallaci yara, ban so in rubuta adadinsu ba. Ranar wata Juma'a bayan liman ya sallame nit tashi nic ce, jama'a, abin da yaron nan yaf faɗi shi ne gaskiya, ni ne nik kuskure, ku fitar da dutsen nan daga gidaje. Ba a daɗe ba anka kankare ƙasar gidaje anka zuba sabuwa, anka kai yara Anka da Bukkuyum ana ba su maganin da ke fitar da dalma daga jini. Haka anka yi Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, Bagega kuwa sai 2013 anka share ta. Yaran da sunka mutu ga wanga bala'i sun haura 400. Cikin waɗanda sunka rayu akwai wanda har yau bai iya riƙe Fatiha ba, yanzu ya yi gemu, in na gamu da shi ga hanya ni ke fara gaishe shi.

To komo ga fadama. Na rubuta ma almajirina cewa kafin a kai ga alƙali shi tafi ga maƙwabcin nan shi kaɗai, da dare, ba gaban jama'a ba, domin na san abin da idon jama'a ke yi ma mai son komowa. Shi ce mishi shari'a tana da ƙofa mai suna iƙala, wato mai saye shi warware ciniki don jinƙan wanda yay yi nadama, kuma an kwaɗaitar da ita. Shi amshi kurɗinsa 700,000, amfanin damana biyu da yac ci a bar mishi, shi mayar da fadama. In kuwa ya aza dukiya cikinta har rabuwa ta yi mishi wuya, a kira dattijai masu sanin gona su kimanta ta da farashin shekarar da anka saya, shi cika ma mai ita abin da yas saura. Kuma shi gaya mishi, wancan da yac ce na sallama ranar nan ba shi da ikon cewa albarka, amma shi yau shina da ikon faɗin duk wadda yas so cikin biyun.

Amsar almajirin ta iso mini makon jiya. Ya ce maƙwabci ya saurara har ƙarshe bai tanka ba, da za su rabu yac ce a bar shi sai ya cire shinkafar da ke ciki. Mai fadama ya ce ya yarda shi jira kaka. Wallahu a'alamu. Tamat.